Jinjirin Wata a Bargon Amarya

A wani zamani can baya an yi wata yarinya, Lanti, wadda za a kai yayarta Uwani gidan miji a gari mai nisa. Lanti ta ƙudurta harhaɗa mata bargo da tsofaffin zannuwan gidansu, don ta riƙa tuna gida. A tsakiya za ta sa jinjirin wata da guntun zanen da innarsu ta goya su da shi.

Amma ɗinkin lanƙwasa ba wasa ba ne. Ta ɗinka, ya tattare, ta warware. Ta sake ɗinkawa, ya tattare, ta warware. Ga biki ya matso.

Sai ta kai wa kakarta Hajjo. Tsohuwa ta jujjuya shi, ta taɓe baki. "Ke 'yar nan, wata ne wannan ko kunnen akuya? Ɗauki almakashi ki tsattsaga bakin ƙyallen ƙanana-ƙanana, zai kwanta."

"Kaka, shi kaɗai fa ya rage! In na ɓata shi fa?"

"Da kike ta lallaɓa shi, gyaruwa ya yi? Tsaga!"

Lanti ta ciji leɓe, ta tsaga kaɗan, ta ƙara. Ta ɗinka, sai wata ya kwanta luf.

Ranar tafiya Uwani ta buɗe bargo, ta shafa watan, ta gane zanen. Ta rungume Lanti, ga dariya ga hawaye.

Hajjo ta ce, "Kun gama koke-koken? To saura nawa bargon, ni ma ina jin sanyi."