Tanki Ɗaya, Zuwa da Dawowa

Ranar da suka fara haɗuwa, ba shi ta kalla ba, motar ta kalla.

Ƙatuwar jif ce baƙa, ta kawunsa, irin wadda ake haya don doguwar tafiya. Dogo ne direbanta. Duk mako yakan kai wasu injiniyoyi wurin aikinsu can nesa, ya sauke su, ya dawo shi kaɗai a ranar. Gidan man yana bakin babban titi, daidai mafitar gari. Ya tsaya a famfon farko. Yarinyar da ke wurin ta zagaya motar, ta buɗe murfin tanki.

"Wannan giwar nawa za a ba ta?"

"Cika."

Ta sa famfo, ta tsaya tana kallon lambobi suna gudu. Suka yi ta gudu.

"Malam, tanki ne wannan ko rijiya?"

Bai yi dariya ba. Amma da zai tashi, sai da motar ta yi kuka kafin ya tuna bai saki birkin hannu ba.

Auta ake ce mata. Babanta tsohon direban tanka ne, ya ajiye tuƙi tun da idonsa ya fara rauni. A gidansu da zancen mota ake karyawa. Shi ya sa take cewa ita ba ta bakin mutum take saninsa ba, ta tankinsa.

Daga nan Dogo bai ƙara shan mai a wani wuri ba. In zai tafi ta cika masa, in ya dawo ta cika masa. Tanki ɗaya yana kai shi ya dawo da shi, har da ragowar kusan kwata.

"Kana da sanyin ƙafa," ta ce masa wata rana. "Ina son mutum mai tausayin totur."

Ya miƙa mata wayarsa. Ta sa lambarta. Daga nan suka fara aika wa juna saƙo.

"Mai Giwa, ka isa lafiya? In kana tuƙi kar ka amsa."

"Na isa."

"Shi ke nan? Ko 'ina kewarki' babu?"

"Akwai."

"Akwai me?"

"Abin da kika ce."

Ta yi ta dariya ita kaɗai a gaban famfo har abokiyar aikinta ta tambaye ta ko lafiya.

Sai aka canza mata lokacin aiki. Da la'asar take miƙa famfo ta tafi gida, kuma gidansu ba a zuwa zance sai manya sun shigo maganar. Wato in bai iso kafin la'asar ba, sai wani makon.

Bai taɓa makara ba. Amma tankin ya canza.

Makon farko allurar mai ta dawo ƙasa da inda ta saba. Na biyu ta kwanta. Na uku ya shigo da jar wutar ƙarewar mai a kunne. Auta ta riƙe famfo tana kallon lambobi, fuskarta babu walwala.

"Hanyar ce ta ƙara tsawo?"

"A'a."

"Kaya ka ɗora a sama?"

"A'a."

"To ina man ya je?"

"Mota ce. Tana sha."

A gefen gidan man akwai mai faci, wanda ya daɗe yana aiko mata da lemo mai sanyi tana mayar masa. Da jif ɗin ta fita, ya matso yana goge hannu.

"Auta, ni dai ba na shiga abin da ba ruwana. Amma inji bai iya ƙarya ba. Akwai wata mararraba a hanyar nan, in ka ratse, gari ne guda. Direbobi suna son garin. Ba don ruwansa ba."

"Koma kan tayoyinka."

Ya koma. Maganar ba ta koma ba.

Mako na gaba, tana zuba mai tana leƙen kujerar gaba. An ja ta baya ko an matso da ita? Ta ga robar ruwa biyu. Ta ga madubin gefen a karkace. Da ya je biya, ta sa kai ta taga ta shinshina. Warin fata kawai da zafin inji. Hakan ma bai kwantar mata da hankali ba. Mai wayo ai yana buɗe gilashi.

Da yamma ta rubuta masa:

"In akwai wata, ka faɗa min da bakinka. Kar ka bari allura ta faɗa min. Ni nake zuba man da kake zuwa wurinta da shi, wannan ne ya fi ci min rai."

Ya daɗe yana kallon saƙon. Gaskiyar gajera ce. Gudu yake yi. Da zarar ya sauke injiniyoyi ya juyo, sai ya taka motar har ta fara rawa, don ya same ta kafin ta cire rigar aiki. Giwa kuwa in ta wuce ɗari da ashirin, ba sha take ba, kwankwaɗa take. Amma Auta ta taɓa faɗa masa cewa gudu ne ya kashe yayanta a hanyar nan, kuma a gidansu mai gudu bai da gaisuwa. Don haka ya rubuta:

"Babu wata. Zan turo Kawu."



Kawu ya je gidan su Auta neman aure da motar, Dogo ya tsaya a waje. Maganar tankin ta riga su isa, mai faci ne ya kai ta. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ɗauki sandarsa ya fito wurin jif ɗin. Ya shafa tayar gaba da tafin hannu. Ya duƙa ya kalli hancin motar, inda ƙwari suka mutu suka manne kamar an watsa su. Ya miƙe.

"Ba mace ba ce," ya ce. Auta tana bayan ƙofa, numfashinta ya sauka. "Da ma mace ce, da sauƙi. Yaro, nawa kake takawa?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Ɗari da hamsin. Wani lokaci fiye."

"Saboda me?"

"La'asar, Baba."

Bayan ƙofa wani abu ya faɗi.

"Na binne ɗaya," Baba ya ce. "Ba zan ba da ɗiyata ta zauna jiran waya ba. Ku gaida gida."

Saƙonta ya same shi kafin su isa.

"Mahaukaci. Da ka bar ni da kishina ya fi. Yanzu ban san ko in yi kuka ko in zage ka ba."

"Yi duka."

Mama ce ta yi ta bin Baba har ya sassauta, amma da sharaɗi. Ranar da babu injiniyoyi, za a cika tanki a famfon Auta. Dogo zai kai shi har can ya dawo da shi. Ba za a ƙara ko ɗigo a hanya ba. In motar ta shigo gidan man da ƙafarta, a zo a yi magana.

Suka tashi da sassafe. Baba a gaba, sanda tsakanin gwiwoyi, ido a kan maleji duk da ba ya gani sosai. Dogo ya ajiye allurar gudu a casa'in ya bar ta nan. Ƙananan motoci suka yi ta wuce su. Wata tsohuwar bas ta wuce su, yaran ciki suna ɗaga musu hannu.

"Ba za ka bi ta ba?" in ji Baba.

"A'a."

"Ai ta raina ka."

"Ta je."

Baba ya kalle shi ta gefen ido. Bai yarda ba. Kowa yana iya zama mutumin kirki na yini ɗaya.

Sun juyo, rana ta take, allurar mai tana inda ya kamata. Hankalin Dogo ya fara kwanciya. Sai Baba ya nuna wata hanya da sandarsa.

"Ratse nan."

Tsohuwar hanya ce, ta lalace, ga hawa. Dogo ya kalli allura, ya kalli tsohon. Tarko ne? So yake ya faɗi? Ya sa sigina ya ratse.

Suka yi nisa da ƙaramar giya, inji yana gurnani. A wata kwana kusa da gada Baba ya ce a tsaya. Ya fita shi kaɗai. Ya tsaya a bakin titi ya ɗaga hannu, ya daɗe. Da ya dawo, gumi ya jiƙa masa riga, numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Nan ne," ya ce. "Ban taɓa zuwa ba. Ban iya ba."

Dogo ya ɗaga gilashi ya kunna esi. Ya san irin man da hakan yake ci. Bai kashe ba.

Jar wuta ta kama tun gari bai bayyana ba. Suka wuce wani gidan mai, babu wanda ya kalle shi. Allon gidan man Auta ya fito can gaba, sai motar ta yi tari, ta sake yi, ta mutu.

Dogo ya zauna riƙe da sitiyari. Sannan ya fita.

"Baba, ka riƙe min kan."

Tsohon ya zagayo ya zauna a kujerar da ya rabu da ita shekaru. Dogo ya sa kafaɗa a bayan giwa. Da ƙyar ta motsa. Auta ta hango su, ta rataye famfo ta taho da gudu da rigar aikinta, ta sa hannu kusa da nasa.

"Ka faɗi?" ta tambaya a hankali.

"Na faɗi."

Baba ya leƙo ta taga ya hangi mai faci tsaye yana kallo. "Kai, baki kawai gare ka? Zo ka sa hannu."

Ya zo. Su uku suka shigar da ita gaban famfon farko. Baba ya ja birkin hannu, amma bai fito ba.

"Yaro. Ka san in ka ratse man ba zai kai ba?"

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

Dogo ya goge fuska da hannun riga. "Ɗanka ne, Baba."

Tsohon ya daɗe yana shafa sitiyari.

"Ka ce wa kawunka ya dawo. Kuma daga yau, ko la'asar ta wuce, gidana a buɗe yake. Babu abin da kake wa sauri."

Auta ta juya baya ta buɗe murfin tanki don kada a ga idonta. Ta sa famfo a karkace har mai ya zuba a takalminsa.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Dogo ya riƙe mata ƙofar mota, ta raɗa masa, "Angona, yau dai ka ce wani abu mai tsawo."

Ya yi tunani. "Ina sonki. Tun farko."

"Kalma huɗu. Allah mun gode."

Baba ya dafa kawunansu su biyu. "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Duk inda ɗayanku ya fita, Allah Ya dawo da shi ga ɗan'uwansa lafiya."

Mama ta ce amin tana share ido. Motar ta tashi a hankali.