Tsohon Kamshaf a Gidan Mode

Magariba ta kawo kai a Bodinga, ladan bai kira ba tukuna. Mode na tsugune a tsakar gida yana alwala, matarsa Balaraba na kwashe tuwo, 'yarsu Rashida ta kora awaki garke ta tokare ƙyauren da ƙarfen da ta saba tokare shi. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Mode ya saurara ko zai ji gudun yara a bayan katanga. Bai ji ba. Wani dutsen ya sake faɗowa, ya gangaro a hankali ya sauka gaban butarsa. Da ya ɗauka ya ji shi da ɗumi da maiƙo, yana warin ƙonannen baƙin mai. Ya ajiye, ya wanke hannu, ya tafi masallaci.

Ƙarfen nan na tokare garke sai an yi bayaninsa, domin daga gare shi komai ya taso. Mode fataucin albasa yake yi. Yana da tsohuwar mota mai shan gas, mai ja da ƙafa huɗu, wadda ke shiga fadamar Danchadi inda sauran motoci ke kafewa. Da kaka ta yi, motar ta fara wani ƙas-ƙas a saman inji, ƙarfinta ya ragu, hayaƙi ya yi yawa. Ɗantani bakanike ya buɗe ya ce kamshaf ne, wato doguwar sandar nan mai tozaye da ke buɗe wa inji hanyar shaƙar iska da ta fitar da hayaƙi. Ya ce tozayen sun cinye, sai an sa wani. Mode mutum ne da ba a yi masa aiki a duhu. Duk abin da aka canja a motarsa sai an miƙo masa tsohon ya gani da idonsa. Aka miƙo masa, ya kawo gida, ya jingine a gindin garke. Ƙarar ta ɗauke, ya gode wa Ɗantani har da addu'a.

Tun daga waccan magaribar da dutse ya faɗo, gidan bai sake zama daidai ba. Rana na jingina duwatsu za su fara. Wani lokaci a ji tsohuwar murya tana mita a bayan garke, kamar mai neman abin da ta ajiye. Awaki suka daina shiga, sai an ja su. Balaraba ta yi turare, ta yi tofi, ta gaji ta daina.

Sannan abin ya koma kan Rashida. Yarinya ce budurwa mai surutu, sai ta koma zama a gindin garke tana kallon ƙasa, haƙoranta na bugun juna, ƙas-ƙas-ƙas, daidai yadda motar ke yi kafin gyara. Kowace faɗuwar rana kuma sai wani abu ya fita daga kanta. Da fari ta manta hanyar gidan kakarta. Daga baya ta tsaya a kan sallaya ta kasa kawo Fatiha. Ran nan ta dubi Balaraba ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

Balaraba ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da tankaɗe garin da ke gabanta har ya ƙare, ta sake zuba shi a rariya. Mode na kallonta daga bakin zaure, yana jin jikinsa kamar na wani. A kwanakin nan ko abinci ya ci bai san ɗanɗanonsa ba.

Aka ɗauko Malam Ubaidullahi daga Shagari, dattijo marar yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Rashida. Ya yi ta karatu a kunnenta, ba gaggawa, har inuwar katanga ta rufe su. Bugun haƙoran ya tsaya. Yarinyar ta ɗago kai, wuyanta ya lanƙwashe irin na tsofaffi.

"Ya isa, Malam. Ba kurma nike ba."

"Ke wace ce, mi ya kawo ki gidan mutane?"

"Kawo ni aka yi. Ina zamana cikin matacciyar mota, hanyar Horo Birni, tun kahin a haihi wagga ɗiya. Wanga ƙarhe kansa nike aza kaina. Wani mai baƙin hannu ya zo ya kwance shi, ko sallama babu."

Mode ya matso. "Ƙarya ne, Allah gafarta Malam. Daga motata aka cire shi."

Rashida ta yi dariya da muryar da ba tata ba. "Kai mai wayo. Naka na nan cikin motarka, bai je ko'ina ba. An goge shi, an ɗaure, an ɗura mai mai kauri don ya yi shiru. Kai ka ce sai ka ga tsoho. To, an samo maka tsoho."

A nan ne Mode ya ji wani abu, karon farko tun da aka fara jifa. Fushi ne. Ya tuna yadda ya karɓi ƙarfen da hannu biyu, yadda ya juya shi yana duba tozayen kamar ya san abin da yake dubawa, da yadda Ɗantani ya amsa addu'arsa da amin.

Malam Ubaidullahi ya ce, "Za a mai da miki kayanki inda aka ɗauko. Ki fita yanzu, ki yi alkawari ba ki dawowa."

"Ina hita. Amma maigida na da magana, ga ta nan a idonsa." Ta juyo ta kafe Mode da ido. "Ka bar ni nan zuwa gobe. Ka tara mai unguwa da 'yan gareji, ka kawo mai baƙin hannun nan gabana. In hwaɗi ranar, in hwaɗi wurin, in hwaɗi abin da ya ce sa'ad da yake kwancewa. In na tahi yau, wa zai tsaya maka? Ƙarhe bai magana."

"Yarinyar fa?" in ji Malam.

"Wata magariba guda ce. Abin da ya rage mata cikin kai kaɗan ne, ban ce zai kai gobe ba. Ban ce ba zai kai ba."

Malam ya dubi Mode. "Ɗiyarka ce. Kai za ka ce."

Mode ya yi shiru. Ba dogon shiru ba ne, amma ya isa a ji akuya ta yi tari a garke, a ji ladan ya hura lasifika. Yana ganin Ɗantani a tsaye gaban jama'a, kai a ƙasa. Yana ganin abin sarai, kuma bai so ya daina gani ba. Balaraba ta juyo ta dube shi.

"Ta tafi," ya ce. "Yanzu."

Malam ya ci gaba da karatu. Rashida ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta zube a cinyar uwarta. Aka naɗe ƙarfen a buhu, Malam ya tafi da shi da kansa.

Ba a sake jifa ba. Kafin a gama kwasar albasa motar ta dawo da ƙararta, ta mutu a fadama, aka jawo ta da tarakta. Mode ya je gareji ya tuhumi Ɗantani da zamba, shi kuwa ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko, ya tambaye shi ko yana da shaida. 'Yan gareji suka yi dariya. Har yau mutumin nan yana buɗe injinan jama'a a bakin titi, ba wanda ya kira shi ya tambaye shi komai, kuma wannan ba daidai ba ne. Haƙƙin gidan nan yana wuyansa, ya kamata a karɓa musu.

Rashida ta warke a hankali. Fatiha ta dawo, sunan uwarta ya dawo, surutun ne bai dawo ba. Wata yamma ta kawo wa Mode ruwa a zaure, ta durƙusa ta miƙa masa, ba ta tashi ba.

"Baba, ran nan da Malam ya zo, ina jin ku duka. Bakin ne kawai ba nawa ba."

"To, alhamdu lillahi. Ya wuce."

"Na ji sa'ad da ya tambaye ka." Ta gyara mayafinta. "Na ji ka yi shiru."

Ta tashi ta shiga gida. Mode ya zauna da kofin a hannu, bai sha ba, bai kuma ajiye ba, har aka kira salla.