Hayar Ɗakin Umma

Wata ya ƙare, Gimbiya ta jera gwangwanayen madara a kan tabarma kamar yadda ta saba tun aurensu: na haya, na cefane, na wuta da ruwa, na ko-ta-kwana. Mijinta Auta, tela, ya zuba wa hannunta ido.

"Masoyina, bajet ɗin nan ya ƙi zama," ta ce a hankali. "Ɗinki bai ragu a shago ba, amma abin da ke shigowa gwangwani sai raguwa yake. Ga mai gidan haya zai zo gobe..."

Ba ta rufe baki ba sai ga Yaya Babba, wadda ta goya Auta tun yana jariri, ta faɗo ko zama babu.

"Mai gidanku ya tare ni a titi, wai rabin haya kuke ba shi! Ƙanina yana karya bayansa a kan keke, ke kina nan kina wasan gwangwani. Ina kuɗin? Gidanku kike kaiwa?"

"Wallahi Yaya, ko sisi—"

"Rufe min baki! Ɗauki mayafinki, ki je gida sai an bincika!"

Gimbiya ta dubi mijinta sau ɗaya, hawaye na zuba, ta miƙe.

Shi kuwa ya san inda kuɗin suke tafiya. Tun rasuwar mahaifiyarsu, Umma, yake biyan hayar ɗakinta a ɓoye. In ya rufe shago can yake zuwa, ya zauna bakin gadonta, carbinta na rataye a ƙusa, filonta na ƙamshinta har yau.

Sai da ya ga Gimbiya ta kai ƙofa muryarsa ta fito.

"Yaya, ƙyale ta! Ni ne. Ɗakin Umma nake biya. Na kasa ba da makullin... in aka kwashe kayan, ina zan je in gaishe ta?"

Yaya Babba ta sulale ƙasa, ta toshe baki da gyale.

"Wayyo Auta! Ni ma ta ƙofar nake bi kullum. Na ɗauka mai gidan ne ya tausaya mana, ya bar ɗakin a rufe."

Gimbiya ta dawo ta durƙusa gabansa. "Na daɗe da sani. Turarenta nake ji a rigarka. Jira nake ka faɗa da bakinka."

Yaya Babba ta kamo hannunta. "Kin sani, kika bari na ci mutuncinki? Yafe min, ƙanwata!"

Washegari su ukun suka je suka ba da makullin. Auta ya rungumo filon, Yaya ta ɗauki carbin. A gida Gimbiya ta wanke sabon gwangwani ta ajiye a jerin.

"Wannan na Umma ne. Duk wata, sadaka."

Haƙurinta ya riƙe mata aurenta. Auta kuma ya gane cewa baƙin ciki ma a lissafin gida yake. In ka ɓoye shi, mai sonka ne zai biya.