Baban Umair Ya Zo Da Waƙa

"Ba zan kira shi ba, Sundus! Wallahi ba zan kira shi ba!"

Umair ne ya faɗi haka, har da buga hannu a gwiwa, a majalisi, wato falon baƙi na gidanmu da ke unguwar Khalidiyya. Gwaggo Khalida, ƙanwar Abuya, wato mahaifina, wadda aka ajiye ta tsare mu, ta ɗago kai daga wayarta ta zabga masa harara.

Ni kuwa ban saba a ɗaga min murya in yi shiru ba.

"To shi ke nan, khalas! Je ka auri littattafanka na jami'a. Abuya ya ce ba ya ba da 'ya ga wanda ubansa ke raye bai tako ya nema masa ba. Ka san wahalar da ya sha kafin ya samo izinin aurar da ni ga wanda ba ɗan ƙasa ba? Kiran waya ɗaya ne ya gagare ka?"

"Habibti, ba ki san mutumin nan ba..."

"To sanar da ni!"

Umair ɗan Damagaram ne, yana karatun hadisi a jami'ar Musulunci ta nan Madina. Abin da muka sani game da mahaifinsa bai taka kara ya karya ba: Bafaranshe ne da ya musulunta a Nijar, aka raɗa masa Zubair, kuma marubuci ne. Da Abuya ya ji marubuci, sai ya ɗauka wani dattijo ne mai tabarau da ɗakin karatu.

"Ba shi da gida," in ji Umair, muryarsa ta yi ƙasa. "Bai taɓa yin gida ba. Yau yana ɗakin haya a saman wani bene a Paris, gobe yana kwana cikin kwalekwalen abokinsa. A teburin masu shayi yake rubuta littattafansa, da yamma ya ɗauki jita ya bi gidajen rawa. Kuma duk wanda ya ƙaunata sai ya saka shi a waƙa ko a littafi, da sunansa da komai."

"To meye laifi a ciki?"

"Ya yi wa mahaifiyata waƙa, Sundus. Murja, Murja, har da yadda take tafiya da yadda take kwance gashinta. Rediyo ya ɗauka, samarin tasha suka haddace. Daga nan ba ta ƙara taka kasuwa ba har Allah ya karɓi ranta. Kawunnaina ne suka raine ni."

Jikina ya yi sanyi. Amma son da nake wa yaron nan ya fi ƙarfin tsorona, kuma ni dama akwai naci.

"Ruhina, yini ɗaya ne fa. Ya zo, ya gaisa, ya nema, ya koma. Don Allah..."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ciro wayarsa.

Ranar neman auren, bayan la'asar, ni da mahaifiyata Yumma muka laɓe a bayan ƙofar majalisi, ina leƙe ta ɗan tsagin da ke jikinta. Abuya na zaune a tsakiya cikin farin tob, doguwar rigar nan ta Larabawa, baffannina biyu a gefensa, yayana Saif yana zagayawa da gahawa da dabino.

Sai ga baban Umair ya shigo. Dogo, siriri kamar sanda, furfura har kafaɗa, da wani jan ƙyalle a wuya. Yumma ta dafe ƙirji.

"Ya satir! Wannan ne surukin?"

Amma da ya buɗe baki, sai kowa ya gyara zama. Hausar Damagaram ce tsantsa, irin ta tsofaffi, wadda ko Saif bai iya rabinta ba. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya nema wa ɗansa aurena cikin ladabi. Har na hango Abuya yana murmushi. Na matse hannun Yumma ina cewa alhamdulillah a zuciyata.

Da ma a nan ya tsaya!

"Alhaji Sabiru," ya ce da Abuya, "ni ba ni da gona, ba ni da gida, ba ni da zinariyar da zan kawo wa 'yarka. Abu ɗaya na iya a duniya, shi na kawo mata."

Na ga Umair ya zabura. "Baba, a'a... don Allah..."

Ina! Tuni ya miƙe tsaye, ya rufe ido, yana ɗan buga yatsa a ƙirjinsa. Murya ta fito, a dishe amma da daɗi, irin mai shiga jiki.

"Sundus mai wushirya, in ta yi dariya gari ya waye. Sundus mai ɗan tabo a ƙasan ido, Sundus mai dogon wuya..."

Innalillahi! Sunana a bakin namiji baƙo, da kamannin fuskata, a gaban baffannina. Ni da ko maƙwabcinmu bai san launin fatata ba tun da na fara sa niƙabi.

"Aib! Wallahi aib!" Saif ya daka tsawa da Larabci, shi dama in ransa ya ɓaci Hausa guduwa take. Ya juya kan Umair. "A ina ya ga fuskarta? Wa ya nuna masa?"

Umair ya sunkuyar da kai. Hoto ɗaya na taɓa tura masa, ba da sanin kowa ba. Ashe da ya zauna da mahaifinsa bayan shekaru, tsohon ya roƙe shi ya ga amarya, zuciyarsa ta karye ya nuna.

Abuya ya karɓi butar gahawa daga hannun Saif, ya cika finjali fal har yana neman zuba, ya miƙa wa baƙon.

A garin nan, in ana son zamanka, ɗan kaɗan ake zuba maka a gindin finjali, a yi ta ƙara maka. In aka cika maka shi, an ce sha ka tashi ke nan.

"Kai, madalla da wannan karamci!" in ji Baba Zubair, yana fara'a, bai san an kore shi ba.

Umair ya sani. Ya kama hannun mahaifinsa suka fita, ko takalminsa bai sa daidai ba.

Abuya ya karɓe wayata a ranar. Bai zage ni ba, bai dake ni ba, kallona kawai ya yi, wallahi da dukan ya yi da ya fi min sauƙi.

"Maganar nan ta mutu, Sundus. Gobe ya koma ƙasarsu ya rera ki a gidan rawa, duniya ta ji siffar 'yar Sabiru? Ba da raina ba."

Na yi kuka har idona ya kumbura. Na daina cin abinci. Yumma ta yi lallashi ta gaji, ta koma faɗa, ta gaji.

Gwaggo Khalida ce ta shigo ɗakina wata rana bayan azahar, makullin motarta a hannu.

"Tashi, sarkin kuka. Hawaye bai taɓa ɗaura aure ba. Sa abayarki, na ce wa babanki asibiti za mu."

Ba asibiti muka nufa ba, wani ɗan masauki ne a Anbariyya, a bayan shagunan masu turare. Muka sami Baba Zubair a falon ƙasa shi da Umair, ba mai yi wa wani magana. Umair na ganina ya miƙe, idonsa ja wur.

"Sundus... ki yafe min..."

"Kai zauna, zan dawo kanka," na ce masa.

Na tsaya a gaban tsohon.

"Baba, ni ce Sundus. Waƙar nan, ina take? Ka rubuta ta? Ka ɗauka a waya?"

Ya girgiza kai, ya nuna goshinsa.

"Nan kawai take, 'yata. Haka nake aiki tun ina saurayi. Ba na rubuta waƙa sai ta nuna. Kullum in yi ta rera ta da ƙarfi, ina tafe ina gyara ta, sai ta zauna sannan in shiga ɗakin ɗauka. Akwai mai jira na a Paris." Idonsa ya yi haske kamar na yaro. "Shekaru na yi ba abin da ya zo min. Na zaci rijiyar ta ƙafe. Sai na ga hotonki, na ga yadda ɗana ke kallonsa... Wannan ta fi duk abin da na taɓa yi!"

"Ta kashe min aure, Baba."

"Don na yabe ki? Ni ban san wata hanyar son mutum ba!"

"Haka ka so Murja?"

Ya yi murmushi. "Har yau ana sa waƙarta. Na sa ba za ta taɓa mutuwa ba."

"Ta mutu tun tana raye!" Umair ya fashe. "Tun ranar da yaran tasha suka bi ta suna rera ta, ba ta sake fita ba. Ko bikin ƙanwarta ba ta je ba. Ni nake mata cefane ina ƙaramin yaro. Kana can ana tafa maka, mu muna kulle a ɗaki!"

Murmushin ya ɓace. Tsohon ya dube shi, ya dube ni, bakinsa na motsi.

"Ba ta taɓa gaya min ba... Ta ce dai in sake ta. Na ɗauka talaucina ta gaji da shi..."



Na durƙusa a gabansa, hawaye na jiƙa min niƙabi.

"Baba, ina son ɗanka. Wallahi ina son shi kamar raina. Ka bar min shi. Kada ka ɗauki waƙar nan, kada kowa ya ƙara jin ta."

"Kin san abin da kike roƙo?" Ya dafe kansa da hannu biyu. "Kan nan ya fara yoyo, likita ya gaya min. Sunayen abokaina ma gudu suke min. In na daina rera ta, za ta tafi. Kuma ba na jin wata za ta sake zuwa."

"Na sani yanzu. Duk da haka ina roƙo."

Muka fito ban san matsayina ba, Gwaggo na tuƙi tana sharar ido da gefen mayafi tana cewa ƙura ce.

Saif ne ya kawo labarin, yana faɗa yana mamaki. Wai tsohon ya bar jirginsa ya tashi ba shi. Ya je shagon dabinon Abuya, ya cire jan ƙyallen nan, ya zauna a ƙasa a gaban baffannina. Ya ce ya yi kuskure irin wanda ya taɓa yi wa matarsa. Ya rantse da Allah ba zai rubuta ba, ba zai ɗauka ba, kuma kunnen bare ba zai sake jin ta ba.

"Da me zan yarda da kai?" in ji Abuya.

"Ka ajiye ni a gabanka har ranar da ka gamsu."

Haka kuwa aka yi. Kullum da safe yana shagon, yana tsince dabino yana jerawa a kwali, mutumin da aka ce ana cika zaure don a saurare shi. Saif ya ce wani lokaci sai ka ga yatsansa ya fara bugun ƙirji, leɓensa ya motsa, sai ya yi sauri ya cusa dabino a baki. A masauki ma bai yarda ya yi ko gunguni ba, wai bangon ɗakin ba shi da kauri.

Abuya mutum ne mai taurin kai, amma ba azzalumi ba ne. Da wata ya juya, ya shigo ɗakina ya ajiye min wayata a kan gado.

"Ki gaya wa wancan mara wayon ya turo babansa ranar Juma'a. Kuma in na sake jin labarin hoto, ni da ke ne."

Na rungume shi ina kuka ina dariya, yana ture ni yana cewa in sake masa tob.

Aka ɗaura aure, muka tare a wani ɗan gida a Ranuna, kusa da Ƙuba. Ranar da Baba Zubair zai koma, ya zo mana sallama da 'yar jakarsa guda. Ya rame, amma fuskarsa a sake take. Na kawo masa shayi, na zauna a gabansa ba niƙabi, don yanzu ubana ne.

"Baba, ina da roƙo."

"Kuma dai? Wancan ma da ƙyar na tsira!"

"Nan ba bare. Daga ni sai ɗanka. Ran nan ta bayan ƙofa na ji, tsoro bai bar ni na saurara ba. Rera min waƙata, sau ɗaya."

Na kalli Umair. Ya gyaɗa kai.

Tsohon ya washe baki har kunne. Ya miƙe tsaye, ya rufe ido, ya ɗora yatsa a ƙirji.

"Sundus..."

Ya tsaya. Ya sake gyara murya.

"Sundus mai... mai..."

Yatsan ya ci gaba da bugawa, amma ba abin da ya biyo baya. Ya buɗe ido yana dube-dube a ɗakin kamar wanda ya yar da makulli. Sannan ya koma ya zauna a hankali.

"Ta tafi, 'yata," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi, hawaye na gangara cikin furfurar gemunsa. "Sunanki kawai ta bar min."

Kuka ya ƙwace min. Ni na roƙa, ni aka yi wa, amma wallahi ji na yi kamar na yi kisa.

Umair ya tashi daga inda yake, ya durƙusa, ya kifa kansa a cinyar mahaifinsa, kafaɗunsa na girgiza.

"Kada ka tafi yau, Baba. Akwai ɗaki a nan. Don Allah kada ka tafi..."

Baba Zubair ya ɗora hannu a kan ɗansa, ya daɗe yana shafawa. Ni kuma na ɗauki jakarsa na shigar da ita ciki.