Jar Malafata a Hannun Ɗan Lima

"Ya ƙwace! Luzmila, na rantse ya ƙwace!"

Yésica ce, 'yar ƙanwar babana, take jijjiga min kafaɗa kamar za ta ɓalle ta.

Na kai hannu kaina. Wayam. Sai kitsona guda biyu da sanyin iska.

Na juya a hankali...

Yana tsaye a gindin tsohuwar katangar Sacsayhuamán da ke saman birnin Cusco, inda dutse guda ya fi ɗakin kakata girma, rungume da jar malafata. Dogo ne siriri mai tabarau, leɓɓansa sun bushe irin na wanda bai saba da tudunmu ba. Kuma murmushi yake yi.

Murmushi fa!

A garinmu Chinchero, yarinya kan san wannan tun kafin ta iya kaɗa zare. Saurayi in yana sonki ba ya tsayawa dogon zance, malafarki zai fizge ya tafi da ita. In kika tura yayanki ya karɓo, kin ƙi shi ke nan, a rabu lafiya. In kuwa kika je da ƙafarki...

To, kin amsa.

Na tattare mayafan da nake sayarwa, na saɓa a baya, na ruga. Muryarsa ta biyo ni tana sarƙewa.

"Baiwar Allah! Tsaya mana! Unguwar San Blas nake... gidan baƙin Doña Eulalia... mai shuɗiyar ƙofa!"

"Kin ji marar kunya?" in ji Yésica. "Har da kwatance!"

Amma ita ce ta yi ta waiwaye har muka sauka tudun.

Ko sauke kaya ban yi ba Kaka Teófila ta ɗago daga saƙarta.

"Ina malafarki?"

"Wani ne ya ƙwace, Kaka," Yésica ta riga ni. "Daga jin bakinsa ɗan Lima ne."

Kaka ta ajiye zarenta a hankali. Lima ce ta tafi da mahaifiyata neman aiki tun ina rarrafe, ba ta dawo mana da komai ba sai labarin rasuwarta. Tun daga nan ko sunan birnin Kaka ba ta son ji a tsakar gidanta.

"Braulio zai je ya karɓo in ya gama haƙar dankali," ta ce. "Na gama magana."

Yaya Braulio ya gyaɗa kai, bakinsa cike da masara.

Ni kuwa tambayoyi suka hana ni sakat. Me ya sa ni, ga Yésica da ta fi ni iya kallo? Wa ya koya wa ɗan Lima al'adarmu? Me yake nema a cikin duwatsu shi kaɗai, ba ya ɗaukar hoto, sai shafa su da yake yi kamar mai neman ƙofa? Kuma wannan siririn saƙaƙƙen zaren da na hango a wuyan hannunsa, daga ina?

Na warware layi guda sau uku a saƙata.

Kafin Yaya ya gama da dankalinsa, na ce wa Kaka zan je Cusco sayo rini.

Doña Eulalia ce ta buɗe shuɗiyar ƙofar, ƙatuwar mace riƙe da ludayi. Ta dubi sabon siket ɗina, ta dubi kaina babu malafa, sai girarta ta ɗaga.

"Da kanki kika zo, 'yata?"

Na sunkuyar da kai.

"Amílcar!" ta ƙwala kira. "Fito, ka yi babbar baƙuwa!"

Ya fito da sauri yana gyara tabarau.

"Mai malafa! Kai, na gode wa Allah!" Ya koma ciki ya dawo da ita a cikin leda. "Ga ta, ko ƙura ban bari ta taɓa ta ba. Iska ce ta ɗauke ta daga kanki, saura ƙiris ta faɗa rami na cafke. Na yi ta kiranki, sai gudu kike kamar kin ga ɓarawo."

"Iska?"

"Iska mana."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Doña Eulalia ta buɗe baki, na roƙe ta da ido, ta rufe.

"Na gode," na ce. "Dama hanyata ce ta biyo ta nan."

Na juya zan tafi.

"Don Allah... ke 'yar nan ce, ko? Akwai abin da nake nema na rasa."

Da na yi tafiyata da mutuncina. Amma ni Luzmila, in aka ce min akwai abin da ake nema, ƙafata ba ta iya gaba.

"Mene ne?"

"Wani dutse mai santsi. Mamata ta ce tana yarinya suna hawa kansa su sulalo. Bara ta rasu. Ina so in gan shi."

Muka bi lungunan nan masu katangar mutanen da, muka kama hawan tudu. Bai yi nisa ba ya jingina da bango yana haki.

"Ku da me kuke numfashi a garin nan?"

"Da hanci, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya har ta koma tari. Na ciro ganyen koka, maganin hakin tudu a wajenmu, daga jakata na ba shi, na ce ya tauna ya ajiye a kumatu. Sai ya haɗiye.

"Wayyo ni! Kai akuya ne?"

"Ba ki ce kar in haɗiye ba!"

A saman tudun ya tsaya gaban katangar, ya sa farce yana neman tsaga tsakanin dutse da dutse, bai samu ba.

"Yaya aka yi suka haɗa su haka, babu siminti?"

"Kakata ta ce lallashinsu aka yi."

"Ke kin yarda?"

"Kai ka taɓa ganin abin da aka tilasta ya zauna daram haka?"

Ya dube ni ya daɗe. Na kau da kai, na nuna masa dutsen can gaba, mai santsi kamar an shafa masa mai. Ya hau da rarrafe, ya zauna, ya sulalo yana ihu. Wandonsa ya ce kyaaat!

Na yi dariya har na durƙusa. Shi ma yana yi, amma da ya cire tabarau na ga idonsa ya cika.

"A nan ta yi wasa," ya ce a hankali. "A Lima ba ta son a san daga tudu ta fito. Ko yarenku ba ta koya min ba. Ko sunan garinsu..."

"Miƙo hannunka."

Na juya zaren nan na wuyan hannunsa. Zanen ganye mai ido biyu, bakin an naɗe shi irin namu.

"Wannan saƙar Chinchero ce. Mahaifiyarka tamu ce, Amílcar."

Bai janye hannun ba. Ni ma na manta ban saki ba.

Daga ranar, duk sanda na kawo kaya Cusco sai in tarar da shi a gindin katangar da sabuwar tambaya. Ya ce min malamin makaranta ne. Na ce to malam, zauna a koya maka.

Sai kwatsam ya daina zuwa.

Na zauna ina kallon hanya har rana ta karkata. Na sake dawowa, shiru. Kuma a gida na tarar labarina ya riga ni isa. Ashe Yésica ta bi ni ranar da na je karɓo malafar, ta laɓe, ta ji komai.

"Da ƙafarki kika je!" Kaka ta ce. "Aka miƙo miki ita a leda kamar burodi! Gari duk ya ji!"

"Kaka, bai san al'adar ba ne..."

"Ke kin san ta ai."

Gaskiya ta faɗa.

Ranar Lahadi na shimfiɗa kayana a kasuwar garinmu, kusa da tsohuwar katanga, na ja malafar ta rufe min fuska. Mata na wucewa suna ƙus-ƙus. Wata ma cewa ta yi, "Riƙe ta da kyau, Luzmila, yau akwai iska!" Yésica na gefe tana danne dariya.

Ko ganye ba ya motsi.

Sai na ji kaina ya yi sakayau.

Na ɗago. Amílcar ne, ya fizgi malafata ya zura da gudu, yana tsallake tulin dankali, ya nufi matakalar gonakin mutanen da. Kasuwa ta ɗauki ihu. Bai kai ko'ina ba ƙafafunsa suka ƙi, ya zube a kan matakala yana neman numfashi. Duk da haka ya ɗaga malafar sama.

"Wannan karon... ba iska... ba ce!"

Dariya ta ɓarke ta ko'ina.

"Luzmila! Doña Eulalia ta faɗa min al'adarku... bayan ta ƙwala min ludayi! Kuma ta ce... direban da 'yar'uwarki ta ce min an ba shi ke, har na daina zuwa... babu shi a duniya!"

Na juya na dubi Yésica. Ta duƙufa tana jera mayafan da ke jere tun safe.

"Braulio," in ji Kaka. "Je ka karɓo."

Yaya ya miƙe yana naɗe hannun riga. Ban san lokacin da na riƙe masa gefen bargo ba.

"Sake ni, ƙanwata."

"Malafata ce, Yaya."

Kasuwa ta zuba mana ido. Kaka ta dube ni, idonta ya kaɗa. Na san ba ni take gani ba, mahaifiyata take gani da ƙunshin kaya a bakin mota.

Ta dogara sandarta ta miƙe.

"Kai, ɗan Lima! Can za ka kai min ita?"

"A'a, Kaka! Na karɓi aikin koyarwa... a garin Urubamba... nan ƙasa da ku! Ni ne na dawo!"

"Ɗan wa ne kai da za ka ce ka dawo?"

"Ɗan Saturnina!"

Wata tsohuwa mai sayar da gishiri ta dafe ƙirji. "Saturnina mai tsalle katanga? Wayyo, ga dogon wuyanta nan kuwa!"

Kaka ta daɗe tana kallonsa, yana zaune yana haki kamar an ciro kifi daga ruwa. Sai ta yi tsaki.

"Zauna, Braulio. Wanda ya kasa gudu da malafa, ina zai iya gudu da mutum?"

Na saki bargon Yaya.

Na ratsa ta tsakiyar kasuwa ban yi sauri ba, don duk wadda ta yi ƙus-ƙus ta samu damar kallo. Na hau matakalar na tsaya a kansa.

"Da ƙafarki kika zo," ya ce. "Yanzu na san ma'anarsa."

"Sau biyu ke nan, malam. Kar ka sa ran na uku."

Ya miƙo min malafar da hannu biyu.

Na zauna kusa da shi, na ciro ganyen koka na sa masa a tafin hannu.

"Riƙe ta tukuna, masoyi. Numfasa."

Ya kai ganyen baki.

"Kuma kar ka haɗiye!"