Ranar da Aka Kife Ƙwaryar Jummare

Wani dare cikin sanyin Jos, irin sanyin nan da yake sa kare ya manta da haushi, mutanen gidan Malam Jika suka ji wata irin ƙara daga bayan ɗakin Jummare. Da farko kamar ana tsoma ƙosai a mai, shuuu... can kuma sai ga muryar namiji siririya, kamar mai magana daga cikin tulu, sannan kukan goge ya biyo baya. Goge! A gidan Malam Jika!

Wanda bai san gidan ba zai ce mene ne abin mamaki. Gida ne babba a bayan Gada Biyu, mutanen unguwa na kiran mazaunansa 'Yan Acibalbal, wato masu fitilar mai, domin wutar lantarki ta ratsa ta kansu ta wuce ba su ko ɗaga ido ba. Kakansu Malam Jika ya rasa 'ya'ya biyu rana ɗaya a ramin kuza, injin haƙa ne ya rufta musu ƙasa. Tun daga ranar ya rantse duk abin da yake motsi ko magana ba da rai ba, ba zai ƙetare zaurensa ba. Ba rediyo, ba keken ɗinki, ba shiga mota. Wanda ya karya dokar kuwa a kife masa ƙwarya: ba a yi masa magana, ba a amsa sallamarsa, ba a cin abin da hannunsa ya taɓa, har sai ya tuba ko a kore shi. Tsohon dai baƙin ciki ne ya sa shi. Waɗanda suka gaje shi kuwa, rigar suka ɗauka suka bar zuciyar.

A daren nan Jummare ba ta yi barci ba, tana juya mahaifinta Bappayo, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar tun bayan rasuwar uwarta. Ita ce hannunsa, ita ce ƙafarsa, ko kunu ba ya haɗiyewa sai ita ta tallafe masa kai. Da ta ji ƙarar sai ta leƙa ta kafar ƙyaure. Me za ta gani? Baffa Isa ne, ƙanen mahaifinta, shugaban gidan, mai jan salla, tsugune a gindin rumbu ya manna kunne jikin wani baƙin akwati, yana kaɗa kai kamar ƙadangare! Ta ga kuma labulen ɗakin matarsa Balaraba ya motsa, ta ga na wasu ɗakunan biyu ma sun motsa. Ta koma ta zauna kusa da mahaifinta.

Bappayo ya dube ta, ya ja harshensa mai nauyi ya ce, “Isa... ne?” Ta sunkuyar da kai. Hawaye ya gangaro ta idonsa mai lafiya, ya ce, “Rufa... masa. Nono ɗaya... muka sha.” Ta ce, “Na rufa, Baba.”

Wayyo rufin asirin da ya zame mata kabari! Gari na wayewa, yara suka fara tambayar wane aljani ne ya yi waƙa jiya. Baffa Isa ya ga wuta na neman gemunsa, sai ya yi maza ya tura ta kan marainiya. Ya tara gida a zaure, ya gyara rawani, ya yi ta salati kamar wanda aka yi wa mutuwa.

“Daga wane ɗaki ƙarar ta fito?” ya tambaya.

Balaraba ta yi caraf ta ce, “Malam, ai ba sai an faɗa ba. Wa yake da saurayi mai gyaran akwatin shaiɗan a unguwar Kwararafa?”

Gaskiya ne akwai Shu'aibu, mai gyaran rediyo, yaro mai kunya wanda ya fara ganin Jummare ranar da ta kai nono kasuwa. Ya aiko manya neman aurenta, Baffa Isa ya sallame su a tsaye ko tabarma bai ba su ba. Ita kuma tana son sa, son da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai turmi, amma ta ce masa ba za ta bar mahaifinta kwance ta tafi ɗakin miji ba.

Baffa Isa ya ce, “Ke Jummare, fito da shi!”

Ta durƙusa ta ce, “Baffa, wallahi ba ni da komai.”

“To na waye? Faɗi mana!”

Ta ɗaga ido ta dube shi sau ɗaya, ta mayar ƙasa. Mutumin nan ko ƙifta ido bai yi ba! Masu labulen da ya motsa kuwa, kowa ya sami abin kallo a yatsun ƙafarsa. Balaraba ta ɗauko ƙwaryar Jummare, wadda uwarta ta yi wa zane da hannunta, ta kife ta a tsakar gida ta ɗora dutse.

Da rashin magana ne kawai, da da sauƙi. Amma doka ta ce ba a cin abin da hannunta ya taɓa, ke nan ba ta da ikon ba mahaifinta abinci! Aka fitar da ita daga ɗakinsa aka kai ta ɗakin awaki. Balaraba ce ta karɓi ciyar da shi, idan ta tuna. Ta kan tsaya a kansa da ludayi ta ɗura masa kunu da zafinsa, ya ƙware, ya zubo masa a wuya, ta ce, “Kai dai ka cika wahalar da mutane!” Jummare tana jin tarinsa ta bango, ta cusa gefen zane a baki don kada kukanta ya fito. Ta kan ce, “Ya Allah, kai ne ka ga abin da na gani... Ya Allah ba don ni ba, don tsohon nan...” Da rana ita ce ɗiban ruwa, ita ce sharar garke, domin a fatawar Baffa Isa hannunta ba ya ɓata kashin shanu. Yaran da ta goya a bayanta idan sun hango ta sai su juya fuska bango, yadda aka koya musu.

Mutum ɗaya ce take yi mata magana, ita ma ba 'yar gidan ba: Mama Nkoli, maƙwabciyarsu mai tuyar ƙosai, wadda ta dawo Jos bayan yaƙin basasa. Ta kan miƙo mata ƙosai ta saman danga ta ce da karyayyiyar Hausarta, “Ci, yarinya, ci. Kai ya rame kamar sanda. Wannan gida naku, addini ne ko kurkuku ne?”

Ita ce ta kai wa Shu'aibu labari. Ya tare Jummare a hanyar rafi, ya tsaya nesa kaɗan, idonsa ja wur.

“Jummare, ki fito. Gwaggona tana unguwar Abattoir, ta ce ɗakinta naki ne. Gobe-goben nan sai a ɗaura.”

“In fito in bar shi da wa, Malam Shu'aibu?”

“Ai yanzu ma ba sa barin ki ki taɓa shi!”

“Amma yana jin takuna idan na wuce. Idan na yi tari ya san ina nan.” Kuka ya ci ƙarfinta. “Ka nemi wata, don Allah. Kada ka tsufa a bakin dangarmu.”

Ya ce, “In tsufa. Gashi fari ba ciwo ba ne.”

Haka kwanaki suka yi ta tafiya, Bappayo ya koma ƙashi da fata, bayansa ya fara gyambo don ba mai juya shi. Shi kuwa Baffa Isa, sai ƙiba yake yi.

Daga baya ne aka san yadda akwatin ya shigo. Wani tsohon ma'aikacin kuza mai suna Livinus ne ya sayar masa a bayan kasuwar shanu. Livinus ya so ya nuna masa yadda ake sarrafa shi, amma malam yana tsoron a gan shi, ya fizge ya cusa a riga ya gudu. Saboda haka bai san akwatin yana cin batir ba, bai ma san ana kashe shi ba. Idan ya gama sauraro sai ya naɗe shi a bargo ya binne cikin dawar rumbu. Muryar ta yi ta disashewa, ga sanyin rumbu, har wani dare ta ɗauke ɗif. Ya girgiza shi, ya hura masa iska, ya tofa masa addu'a, shiru. Malam ya tabbata akwati ya mutu. Sai ya ga gawar ma tana da amfani: a jefa ta ɗakin awaki, a yi bincike a gaban jama'a, a kori yarinyar da idonta yake hana shi sakewa, magana ta mutu.

Bayan sallar asuba ya tara kowa a zaure, aka hura wuta saboda sanyi. Akwatin yana ɗaure a cikinsa, ƙarƙashin suwaita da babbar riga, tun kafin kiran salla, yana jiran a ruɗe da bincike ya sake shi cikin ciyawa. Ya zauna dab da wuta, har ya sa aka ɗauko Bappayo a tabarma don ya shaida korar 'yarsa. Jummare tana durƙushe a bakin ƙofa, ta ga yadda mahaifinta ya koma, ta ɗora hannu a ka ba ta iya ko kuka ba.

Malam ya buɗe baki da wa'azi. Ya yi ta zuba, ya zagi zamani, ya zagi 'yan boko, ya zagi sojan da suke cewa za su miƙa mulki, ya ce duk kunnen da ya saurari goge za a narka masa dalma. Abin da bai sani ba, kuma da ya tsaya ya saurari Livinus da ya sani, shi ne batir idan sanyi ya kashe shi, ɗumi yana farfaɗo da shi. Ga ɗumin tumbi, ga ɗumin wuta!

“Yau za mu tsarkake gidan ubanmu,” in ji shi. “Duk inda akwatin nan yake, Allah ya tona...”

Shuuu... “Assalamu alaikum masu sauraronmu, barkanmu da asuba, da fatan an tashi lafiya!”

Daga cikin malam! Mata suka watse da salati, wata tsohuwa ta faɗi zaune tana cewa ya haɗiyi aljani. Ya danne cikinsa da hannu biyu, ya yi tari, ya ɗaga murya da hailala, amma ina! Mai gaisuwa ya gama, mai goge ya karɓa. Ya miƙe zai gudu, igiyar ta kwance, akwatin ya sulluɓo ta ƙasan riga ya faɗi a gaban jama'a yana ta kiɗansa, bai san ya yi laifi ba.

Babu wanda ya san yadda ake rufe masa baki. Dattawa suka kewaye shi suna kallo, ɗaya ya kife masa kwando. A ƙarshe dai sai da aka aika Kwararafa aka kira Shu'aibu, wanda aka hana manyansa tabarma. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya murɗa abu ɗaya da yatsa biyu, ƙyas, shiru.

Jummare ba ta jira fatawar kowa ba. Ta rarrafa ta rungume kan mahaifinta ta ɗora a cinya, tana cewa, “Baba, ban faɗa ba... wallahi ban faɗa ba!” Ya ce, “Na sani... 'yar albarka.” Ta nemi kunu, ta fifita shi, ta ba shi a hankali, ya shanye ƙwarya guda, hawayensu na ɗiga a ciki.

Dattawa suka tuɓe rawanin Isa a wurin. Ƙwaryarsa da ta Balaraba aka kife a tsakar gida, ɗakin awakin da suka zaɓa wa marainiya nan suka kwana. Mai jan salla ya koma sahun baya, yana sallama ana duban bango. Ba a yi wata guda ba suka sulale da kayansu, an ce an gan shi a tashar mota yana rigimar kujerar gaba. A zaman ranar da asirin ya tonu kuwa, Bappayo ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kama na Shu'aibu, ya ce, “Na... ba ka.” Shu'aibu ya ce ba zai raba ta da mahaifinta ba, ɗaki zai kama musu su uku, kuma shi zai riƙa goya tsohon zuwa rana kowace safiya. Ya cika alkawari.

Ranar da za a kai amarya, matan gidan suka yi ta rige-rigen wanke ƙwaryar Jummare. Wannan ta ce ita dama tun farko ba ta yarda ba, waccan ta ce ita a daren ma ta hangi Isa da idonta a gindin rumbu, ta uku ta ce ita ma haka. Mama Nkoli tana jingine da danga da matsamin ƙosai a hannu, ta gama jin su tsaf, ta ce:

“Ashe duk kun gani! To da akwati bai yi magana ba fa, wane a cikinku zai yi?”