Sandar Ƙarfe a Zauren Coci

Ranar da Dervla ta fara yi wa Fintan kallon tsaf, a ƙasa take zaune daɓas, dafe da ƙugu.

Shi ta kira ya kafa mata sandar ƙarfe a zauren cocin ƙauyensu da ke gaɓar teku a yankin Donegal, don ta riƙa koya wa mata motsa jiki ta hanyar hawa da juyi. To, shi mai gyaran jiragen masunta ne, duk ƙarfen da ya taɓa sai ya lafta masa giris saboda gishirin teku. Ai kuwa tana ɗarewa ta sulalo.

"Kashe ni aka turo ka ka yi?"

"Tsatsa na jiye miki," in ji shi, yana sosa ƙeya.

Ya yini yana goge sanda, ita tana satar kallonsa. Kafin ya isa gida saƙonta ya shigo wayarsa: "Sarkin Maiƙo, ka manta gudumarka."

Ya amsa: "Da gangan ne, Kyanwata. Gobe zan zo ɗauka."

Tun daga nan kullum sai ya manta wani abu.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarsa Bridie ta ce atafau. Ga shi makullin zauren a hannunta yake.

"Hawan sandar nan ai rawar gidan giya ce, a harabar coci kuma? Ga Nuala mai waƙar coci, yarinya natsattsiya, ba ka gan ta ba? Ƙarshen wata zan rufe zauren, bikin kuwa ba da ni ba."

Dervla ta sha kuka, amma ba ta iya ja da baya ba. Ta rubuta masa: "Masoyina, ba zan bar sandata ba, kai ma ba zan bar ka ba, albarkar Mama kuma sai na samu. Ukun duka nake so."

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, ta miƙa hannu ɗaukar burodi a kanti, hannun rigarta ya zame. Damtsenta duk kwanciyar jini, kamar na kowace mai hawa sanda. Bridie na bayanta, ta gani.

Washegari ana tsakiyar darasi sai ga Bridie. Dervla ta ɗauka rufe zauren ta zo yi. Maimakon haka tsohuwar ta ja ta gefe.

"Ɗana ne ya yi miki wannan? Kar ki rufa masa asiri, yarinya. Na san tabon nan. Duk zamana da ubansa a cikin riga mai dogon hannu na yi shi."

Ƙwalla ta cika idon Dervla. Matar da ba ta ƙaunarta ce ta zo tare mata faɗa.

"Mama, Fintan ko harara bai taɓa yi mini ba. Ga mai dukan can." Ta nuna sanda.

Matan masunta da ke darasin suka naɗe hannun riga, kowacce na baje nata tabon tana alfahari.

"Ke Bridie, nawa ya fi na kowa!" in ji Peig, tsohuwar ƙawarta. "Jiya da hannu ɗaya na sauke kwandon kifi!"

Bridie ta bi tabban nasu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ajiye jaka, ta damƙi sandar da hannu biyu.

"'Yata, ina ake sa ƙafa?"

Da bazara aka ɗaura aure, aka ci kifi da dankali a zauren nan. Bridie ta haɗa hannun ango da na amarya ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa kada ɗayanku ya taɓa ɓoye wa ɗaya ciwo."

Rigar da Bridie ta sa ranar mai gajeren hannu ce, kuma duk ƙauyen ba wanda ya taɓa ganinta a haka.